Ranar da Nayibe Ta Auna Ɗan Majalisa

In ka shiga kasuwar Patronato ta birnin Santiago, a ƙasar Chile, yau ka tambayi labarin Nayibe mai ɗinki, za a ce maka ta ɗinke ɗan majalisa da kujerarsa. Wai yana zaune yana zuba jawabi ta lallaɓa ta bayansa da allura, kafin ya kai ga godiya ta haɗe wandonsa da kujerar, sai da 'yan kwana-kwana suka zo suka fitar da su tare ta taga, yana ɗaga wa jama'a hannu. Mai takalman bakin kwana ya rantse da kabarin uwarsa cewa har yau mutumin da kujerar yake shiga majalisa. Uwar tasa kuwa tana nan da ranta, jiya ma na sayar mata da safa.

Ƙarya ce tsagwaronta. Na sani sarai, don ni na ƙirƙire ta. Nayibe ba ta taɓa wandon kowa ba. Aunawa kawai ta yi, da tef ɗin da ke rataye a wuyanta tun ina da gashi a kai.

Ni ne Bichara, ɗan gwaggonta. Uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da lasisin tsokanarta har ranar da za a rufe ɗayanmu. Safa da ɗan kamfai nake sayarwa, shagona na kallon nata. Boko na bar shi a aji biyu na sakandare, bisa yarjejeniya tsakanina da malamai cewa kowa ya huta. Ita ma ba ta yi nisa ba, sai dai ita ta karanta duk wata takardar da aka taɓa cusa wa mutum a hannu a bakin masaƙa, har da na naɗe kifi.

A Santiago aka haife ta, shekara sittin da biyar ke nan, a ɗakin haya da ke saman wani gidan burodi. Ubanta, Kawu Salim, ma'aikacin masaƙa ne. Mutane suna jin an ce Bafalasɗine a garin nan sai su hango mai masaƙa da mota mai tsawon layin dogo. To, mai masaƙar namu ne, wanda ke tsaye gaban injin awa goma sha biyu shi ma namu ne, kuma coci ɗaya suke zuwa ran Lahadi. Kawu Salim ɗan ƙungiyar ƙwadago ne na a-mutu. Da soja suka karɓi mulkin Chile a shekarar saba'in da uku aka tafi da shi wata biyar, ya dawo da rabin haƙoransa, ya ci gaba da maganar da ya bari a tsakiya.

Nayibe ta shiga masaƙar tana shekara goma sha bakwai. Tana ashirin ta tsayar da injuna na sashenta kwana uku, a zamanin da ko tari mutum zai yi sai ya waiga. Mai masaƙar shi ya riƙe ta ranar baftisma. Ya kira ta ofis ya ce, "'Yata, jininmu ɗaya." Ta ce, "To me ya sa nawa ne kullum a kan injin?" Ranar aka sallame ta. Tun daga nan take cikin wani shago mai faɗin akwatin ashana, da keken ɗinki wanda na tabbata ya girmi jirgin da ya kawo kakanmu. Ta yi aure sau ɗaya, wata bakwai. Ina da labarin cewa mijin a ƙafa ya haye duwatsu ya shiga Ajantina, ko waige bai yi ba.

Yanzu ga abin da ke cin ranta, ni ma kuma yana cin nawa in ba kowa a shago.

Kakanmu Jiries ya taso daga wani ƙauye a gefen Baitalami, ya bar ƙanensa a gona. Suka yi alkawari: duk yaron da aka haifa wa gidanmu a Chile, a aika wasiƙa, a dasa masa zaitun da sunansa. Haka aka yi shekara da shekaru, har itatuwa suka kai hamsin da uku. Kowa a cikinmu yana da itace a ƙasar da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Nawa an ce ƙato ne, ganye har ƙasa, bai taɓa yin 'ya'ya ba. Na Nayibe gajere ne, man da yake bayarwa kuma yana ƙona maƙogwaro. Duk shekara kafin Kirsimeti garwar sabon mai takan iso, a buɗe ta kan tebur, babba ya fara tsoma burodi, sannan na biye da shi, har a kai kan jariri a shafa masa a leɓe.

Da ɗan'uwanmu na ƙarshe a can ya rasu, sai Fuad, yayan Nayibe, ya ajiye tuƙin bas ya tafi ya riƙe gonar. Larabcinsa a lokacin ko akuya ba za ta saurare shi ba. Bai daɗe ba aka kewaye tudun da waya, saboda sababbin gidajen da 'yan kama-wuri-zauna suka gina a sama, gonarmu ta faɗa ta ciki. Akwai ƙofar ƙarfe guda ɗaya, sojan mamaya ke buɗe ta 'yan kwanaki a shekara ga mai takardar izini. Haka Fuad ya yi ta lallaɓawa. Tun da aka fara yaƙin Gaza kuwa ƙofar ba ta sake buɗuwa ba. Kaka biyu ta wuce, ba garwa, ba huɗa. Lauyan da ke taimakon manoman ƙauyen ya gaya wa Fuad a fili: gonar da ta shekara uku ba a taɓa ta ba, ana iya cewa ba ta da mai ita, hukuma ta ɗauke. Wannan Oktoban shi ne na uku.

Nayibe ta yi ƙoƙarin zuwa da kanta bara. Ta bi ta Jodan, aka zaunar da ita awa tara a bakin gadar kan iyaka, aka karanta mata abubuwan da ta taɓa rubutawa a waya, aka juyo da ita. Ta dawo da ledar alewar da ta saya wa Fuad, ba ta ko buɗe ba.

Daga nan ta koma bin ofisoshi. Abu ɗaya take roƙo, ba ta taɓa ƙara na biyu ba: a samu mutum guda mai muƙami, mai kati a wuya, ya hau jirgi ya je ya tsaya kusa da Fuad a bakin ƙofar nan lokacin tsinkar zaitun. Ta ce ƙofa takan ji kunyar baƙo. Takalmi uku ta kashe a hanya, ni na ce talatin ne. Duk inda ta shiga ana ba ta kofi, ana ba ta hannu biyu, a nuna mata sanarwar da aka fitar. Ta tara sanarwa har ta fara yanka su tana fitar da samfurin wuyan riga.

Sai ga Satumba, manyan ƙasashe suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun amince akwai ƙasar Falasɗinu. Patronato ta ɗauka. Mai gidan burodi ya raba alewa kyauta, abin da bai yi ba ko ranar auren 'yarsa. Na tsallaka titi da rediyona a hannu.

Na ce, "'Yar kawu, albishirinki! Kin zama mai ƙasa. Tashi ki taka rawa ko gwiwar nan ta warke."

Ba ta ɗago daga keken ba. Ta ce, "Rage ƙarar abin nan, ƙaton banza. Ai mun taɓa yin ƙasa. Ka manta dubu biyu da sha ɗaya, da gwamnatin Chile ta amince? Kai ne ka yi rawa har wandonka ya tsage, ni na ɗinke shi. Na tambaye ku ranar, daga ina ta fara, a ina ta tsaya? Ba a rubuta ba. Wane tela ne zai ce ya yi maka riga bai auna ka ba?"

Na ce, "To wannan karon Turawa ne, masu manyan huluna."

Ta ce, "Masu cewa a'a ba su dame ni ba, na san inda na ajiye su. Masu cewa e ɗin nan su ke hana ni cin abinci. Shekara biyu suna kallon ana rushe gari a kan yara, mutanensu suka cika tituna suna cewa a daina ciniki, a daina aika kayan yaƙi. Suka duba suka ga wanne ne ba zai taɓa aljihun kowa ba, suka ce to ga takarda. Kuma da sharaɗi: kada ku riƙe ko sanda, mu za mu ce wa zai shugabance ku, ku yi ladabi. Ƙasa ce da ba ta da makullin ƙofar gona."

Na ce, "Ke dai ko aljanna aka kai ki sai kin tambayi wa ke share ta, nawa ake biyansa."

Ta ce, "Zan tambaya kuwa."

Duk da haka da ƙungiyar 'yan ƙauyenmu ta shirya walima ranar Lahadi, aka ce ana son tuta mai tsawon mita goma, ita ta ɗinka. Kwana huɗu tana kai. Ta ce tuta ba ta yi mata laifi ba.

Aka cika zauren maƙil da tsakar rana. Ganyen inabi naɗe da shinkafa tuli-tuli, kabewa mai ciko, ga empanada, samosar 'yan Chile, saboda surukai. Babban baƙo wani ɗan majalisa ne na ɓangaren 'yan ƙwadago irin su Nayibe, wanda ta sani tun yana ɗalibi mai ƙashin wuya, tana ɗinka masa ƙyallen zanga-zanga kyauta. Yanzu wuyan ya cika, an kuma yafa masa gyalen nan namu mai baƙi da fari. Ya miƙe ya ce yau tarihi ya juya. Ya ce su ne suka fara wannan kira tun ba kowa. Ya ce wannan babban mataki ne. Aka yi tafi har tsoffi na share hawaye, ni ma na share nawa, ba zan ɓoye ba.

Ban ga tashinta ba. Sai dai na gan ta a bayansa, ta miƙa tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta ciro fensir daga gashinta ta rubuta a tafin hannu.

Ya juyo yana dariyar yaƙe. "Kwamared Nayibe! Jama'a, wannan uwa ce a gare mu. Me ake yi haka?"

Ta ce, "Ɗaga hannu." Ya ɗaga, don duk wanda Nayibe ta ce wa ɗaga hannu ɗagawa yake. Ta zagaya ƙirjinsa. "Rigar aiki zan yi maka. Zaitun yana ɓata kwat. Saura sati uku a fara tsinka."

Kowa ya ajiye cokalinsa, in ban da wani tsoho da ya ci gaba da tauna.

Ya ce, "Kwamared, na san maganar gonarku, tana raina. Amma yau ranar murna ce. Ba a hawa bene da tsalle ɗaya, mataki-mataki ake bi."

Ta ce, "Mataki nawa ne daga nan zuwa ƙofar? Faɗa min in ƙirga tare da kai. Sau huɗu na zo ofishinka. Ban ce ka 'yanto Ƙudus ba, ban ce ka tsayar da yaƙi ba. Cewa na yi ka tsaya kusa da tsoho ɗan shekara sittin da takwas, da katinka a wuya, kwana biyu."

"Zan kai maganar gaban kwamiti."

"Kwamitin yana da fartanya?"

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Shugaban ƙungiya, wanda jikan mai masaƙar nan ne, ya taso yana gyara maɓalli. Ya ce, "Haba Nayibe, kada ki ba mu kunya gaban baƙo. Shekara nawa muna jiran rana irin wannan? Ko kaɗan aka ba ka ai ka ce an gode."

Ta ce, "Kakanka ma haka yake cewa ranar biyan albashi." Ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ta auna tsawon rigar, ta miƙe da ƙyar, ta dubi mutane. Muryarta ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba. "Duk wanda ke ɗakin nan daga gidan Jiries yana da itace a bayan wayar nan. Har da ke, Soraya, da ɗan yayen da ke cinyarki, nasa ne na hamsin da uku. In Oktoba ya wuce ba a huɗa ba, shi ke nan. Za ku sami ƙasa a takarda, ba ku da inda za ku ɗora ƙafa a cikinta. Ku ci abincinku."

Ta fita. Ba wanda ya bi ta, har ni. Ganyen inabin ya yi daɗi ƙwarai, wannan ita ce gaskiyar da ban so faɗa ba. Washegari kunya ta sa na ƙirƙiro labarin kujera, don mutane su yi dariya su daina kallon ƙasa in ta wuce.

Kwana biyu ta ɗinka rigar, da yadi mai kauri, da manyan aljihuna huɗu na zuba zaitun. Ta kai ofishinsa da hannunta. Bayan sati aka nuna mata hotonsa a waya, sanye da rigar, ya dunƙule hannu sama, an rubuta a ƙasa cewa yana tare da manoman Falasɗinu. Ta daɗe tana kallon hoton. Abin da ta ce kawai shi ne hannun ya ɗan yi tsawo.

Oktoba ya shigo. Kullum da safe takan ajiye wayar kusa da allura, ta kunna keken a hankali don kada ƙara ta danne kira. Ta rame har tef ɗin wuyanta ya fi ta ƙiba. Masu kawo gyaran wando suka fara kawo mata miya. Fuad kuma kullum yana zuwa bakin ƙofa da takardarsa a cikin leda, ya zauna kan dutse har rana ta yi tsaka, ya koma.

Ran ashirin da takwas ga wata ina shagonta ina shan shayinta sai ga kiran Fuad. Ta sa a fili don ni ma in ji.

Ya ce, "'Yar'uwa, sun buɗe."

Ta miƙe tsaye, almakashi ya faɗi.

Ya ce, "Zauna tukuna. Yau ne kawai, awa huɗu, mutum ɗaya. Ba tarakta, ba jaki, ba tsani. Na shiga da fartanya. Ƙaya ta kai min ƙugu, Nayibe. 'Ya'yan bara da na bara waccan duk suna ƙasa sun yi baƙi. Lauya ya ce in huɗa gindin duk wanda na iya in ɗauki hoto, wanda aka ga an taɓa shi ana iya yin gardama a kansa."

"Nawa ka yi?"

Muna jin numfashinsa kamar tsohon bas a kan tudu. "Shida."

"Na su wa?"

"Ban duba ba. Na san kowanne da sunansa, amma na sunkuyar da kai na fara daga bakin ƙofa. Da na duba da ban iya zaɓa ba." Ya yi tari. "Na cika aljihuna biyu da zaitun. Ba zai yi mai ba, zan jiƙa shi a gishiri. Sauran arba'in da bakwai ɗin, lauya ya ce mu shirya zuciyarmu. Ya ce wataƙila su sake buɗewa kwana ɗaya kafin ruwan sanyi ya sauka, wataƙila kuma a'a. In da akwai baƙo a wajen ƙofa yana ɗaukar hoto, ya ce, sukan ɗan ƙara awa."

Ta ce masa ya je ya kwanta, ya shafa wa bayansa mai. Ya yi 'yar dariya ya ce wane man. Kiran ya yanke.

Ta zauna ta ɗora hannu biyu kan keken, ba ta kunna ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. A waje mai takalma yana ta yi wa wani baƙo labarin taga da 'yan kwana-kwana. Ni kuwa Allah bai ba ni wata sana'a ba in na ga mutum cikin wannan hali sai tsokana, da ita na san ake tayar da Nayibe tun muna yara.

Na ce, "Haba 'yar kawu, saki ranki. Ƙasashe ɗari da hamsin da 'yan kai sun san da zamanki a duniya, ni ko matata wani lokacin sai na tuna mata. Bari a kafa gwamnati ki gani, ni da kaina zan sa baki a ba ki ministar allura da zare. Mota biyu, da mai riƙe miki almakashi."

Ta juyo ta dube ni tun daga sanƙo har takalmi.

Ta ce, "Ɗari da hamsin da 'yan kai, kuma tsoho ɗaya ne ya shiga da fartanya. Kai ma shekara sittin kana amincewa ni 'yar'uwarka ce, Bichara, a baki ba wanda ya kai ka. Fasfonka lafiyarsa ƙalau, ba ka taɓa rubuta abin da zai sa a juyo da kai daga gada ba, don ba ka taɓa rubuta komai ba. Ko ka je ka tsaya wa Fuad a bakin ƙofa, ko ka ajiye min kofina ka je ka fitar da sanarwa."